Gwaggo Mai Juya Takalmi

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, kafin mai shara ya gama da barandar zauren wasanni. Ɗakinta ne na ƙarshe, bayan ɗakin ajiye kekuna, inda warin giris ke biyo mutum har ciki. Babu abin kallo a ɗakin. Gadon gwaji ne da fatarsa ta tsage a gefe aka liƙe da salatif, sai wani keke da aka kafe a ƙasa ba ya zuwa ko'ina, sai teburi da kujeru uku da babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Takan rataye jakarta a ƙusa, ta fito da tef ɗin awo da wani ɗan ma'auni mai kama da almakashi wanda take auna lanƙwasar gwiwa da shi. Daga nan ta zuba ruwan zafi a kofi ta riƙe da hannu biyu. Ba sha take yi ba. Hannuwanta take ɗumamawa, don ta ce idan ka ɗora wa ɗan mutane hannu mai sanyi a cinya, tsoka takan ƙanƙame, awo ya ɓaci tun ba a fara ba.

Gwaggo 'yan tseren keke suke ce mata, babba da yaro, har da waɗanda suka girme ta. A asibiti ta fara aiki, sashen gashin ƙashi, ta yi shekara goma sha biyu. Daga can ta dawo wannan sana'a da mutane da yawa ba su ma san akwai ta ba, ta yi shekara ashirin da ɗaya a kai, sai makon jiya ta ajiye. Ita ce mai tantance 'yan tseren keke masu naƙasa. Wato ita da abokin aikinta ke faɗin rukunin da kowane ɗan tsere zai shiga.

Mai karatu na iya cewa to mene ne abin wahala a nan. Bari a yi masa dalla-dalla. Masu tsere a kan keke mai taya biyu rukuni biyar ne. Na ɗaya shi ne na waɗanda lalura ta fi taɓawa, na biyar na waɗanda ta ɗan shafa. Can gefe da gefe ba a cika gardama ba, ido ma yana gani. Rigimar a tsakiya take. Mutum ne zai shigo da ƙafarsa, riga da wando tsaf, ka rantse lafiyarsa ƙalau, alhali ƙafarsa ɗaya rabin aiki take yi. Ka ɗaga shi lamba ɗaya sama, ka jefa shi cikin mutanen da har abada bayansu kawai zai riƙa gani. Ka sauke shi lamba ɗaya ƙasa, ka ba shi lasisin ƙwace wa waɗanda suka fi shi rauni abin da suka yi shekaru suna wa gumi. A wannan ɗan tsakanin Gwaggo ta ƙarar da ƙuruciyarta.

Abin da ya fi ɗaure wa sababbin zuwa kai shi ne takalmi. Duk wanda zai hau gadon gwaji sai ya cire takalmansa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma Gwaggo sai ta sunkuya ta ɗauka, ta juya su, ta kai su bakin taga tana duba ƙasansu kamar mai neman sata. Tana shafa dunduniya da babban yatsa, tana leƙa ciki. Wani mai tsaurin ido ya taɓa tambayarta, "Gwaggo, saye za ki yi ne? In yi miki ragi."

Ta ce, "Ajiye raginka. Bakinka zai iya yi mini ƙarya, ƙafarka ma za ta iya na ɗan lokaci. Shi wannan ba shi da wayon."

Abokin aikinta wani tsohon ɗan tsere ne da ake kira Dogo. Ita ke duba jiki, shi ke duba yadda mutum ke tuƙa keke, kuma babu takardar da ke fita daga ɗakin sai da sa hannunsu su biyu. Shekara goma sha shida suna tare, suna musu kamar 'yan uwa ɗaya. Dogo ne ke ba da labarin wani da ya zo yana rantsuwa hannunsa na dama ko cokali ba ya riƙewa. Aka auna, aka rubuta, har zai fita. Sai Gwaggo ta hau kokawa da murfin fulas ɗinta, ta ce, "Kai ɗana, taimaka wa tsohuwa." Bawan Allah ya karɓa da hannun dama, ya murɗe murfin ƙwaras. Yana ɗago kai ya ga ido huɗu a kansa, sai ya yi tsuru-tsuru. Har yau Gwaggo cewa take murfin ne ya cije da gaske. Dogo kuma ya ce da idonsa ya gan ta tana ɗaure shi tun da safe.

Kada wannan ya sa a ɗauka farautar maƙaryata take yi, ko kuma mai tausayi ce da ake samu da hawaye. Akwai wata gwanar tsere da ake wa laƙabi da Walƙiya, wadda Gwaggo ke ji da ita kamar ita ta haife ta. Aka yi wa Walƙiya aiki a idon sawu, ƙafar ta ƙara motsi. Saura wata ɗaya babbar gasa, Gwaggo ta auna ta, ta ɗaga ta daga rukuni na uku zuwa na huɗu, inda ta san lambar zinare ta kuɓuce ke nan. Walƙiya ta yi shekara biyu ko gaisuwa ba ta yi mata. 'Yar Gwaggo ta fari ta ce ranar uwarta ta dawo gida ta zauna a bakin gado da takalmanta a ƙafa, abinci ya huce a gabanta. Amma da gari ya waye ba ta je ta goge lambar rukunin ba.

Ke ce ba sani ba sabo, Gwaggo. Kin san ciwon abin, kin kuma yi.

Amma labarin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau na Soja ne. Soja bai taɓa taka barikin soja ba. Tafiyarsa ce ta jawo masa sunan: ƙirji a gaba, kafaɗa a miƙe, taku ɗaya bayan ɗaya kamar ana buga masa ganga. Shekararsa ashirin da tara, yana aiki a wani shagon buga takardu. Shan inna ya taɓa shi yana ƙarami, amma in ba an gaya maka ba sai ka yi wata guda tare da shi ba ka lura ba. Shekara huɗu da suka wuce wasu masu tantancewa suka sa shi rukuni na biyar. Tun daga ranar bai taɓa zuwa ko na kusa da na ƙarshe ba. Na ƙarshen dai, shi kaɗai, can baya, sai an fara naɗe tutoci yake isowa. Ga shi kuwa babu wanda ya kai shi naci a wajen atisaye. Kocinsa ya rasa gane kan abin, ya nemi a sake duba shi, aka sa rana saura kwana biyu wata gasa.

Da safe Soja ya zo tare da koci, don doka ta yarda ɗan tsere ya shigo da mutum ɗaya. Ya kwanta a gado. Ƙarfin tsoka daga sifili zuwa biyar ake ba shi maki. Gwaggo ta ɗora hannu ta ce tura, ya tura. Ta ce ɗaga, ya ɗaga iyakar iyawarsa. Ƙafar hagu maki biyu ta samu, wani wurin ma da ƙyar. Ta rubuta. Kafin a hau keke sai aka kira Dogo wani taro, aka ɗage sauran aikin zuwa bayan azahar.

Da aka dawo, ba koci ne ya shigo da shi ba. Wani dattijo ne tsab-tsab, biro biyu a aljihun gaba, jakar fata a hammata. Mahaifin Soja ne, tsohon shugaban makarantar firamare, kowa Hedimasta yake ce masa. Motarsu ce ta makara a hanya, shi ya sa bai zo da safe ba. Ya gaisa da kowa a tsanake, ya zauna a kujera ta uku, ya ɗora jaka a cinya.

Soja ya hau keken nan da aka kafe. Minti uku ake yi. Ƙafafun nan suka riƙa zagayawa sumul, hagu da dama kamar tagwaye. Dogo ya dubi takardar safe, ya dubi keken, ya haɗe rai. Ya ce a sake awon gado. Gwaggo ta ɗora hannu a inda ta ɗora ɗazu, ta ce tura. Ƙafar da ta kasa da safe ta ture hannunta. In maki za a bi, ta kusa huɗu.

Da suka sallame su, Dogo ya rufe ƙofa. Ya ce, "Gwaggo, yaron nan wasan kwaikwayo ya yi mana da safe. Ga tsohon fayil ɗinsa, maki huɗu aka rubuta wa ƙafar. Yanzu ma huɗu. Biyun nan taki ita ce bare. So yake a sauke shi ƙasa ya je ya yi ta kwasar lambobi."

Ba sharri Dogo yake yi ba. Abin da aka koya musu ke nan: idan awo ya saɓa wa awo a jiki ɗaya, rana ɗaya, to a binciki mai jikin. Ya jawo fom ɗin da ake rubuta cewa ɗan tsere ya yaudari masu tantancewa da gangan. Wanda aka tabbatar wa wannan, dakatarwa ce ta shekaru, ga tabon da ba ya gogewa. Ko ya dawo, duk inda ya wuce za a nuna shi da baki. Dogo ya cike nasa gurbin, ya sa hannu, ya turo mata biro.

Gwaggo ta riƙe biron ba ta rubuta komai ba. Wani abu ke mata kai-kawo. Lokacin da ƙafar ta ture ta, ta ji ƙugunsa ya murɗe, bayansa ya ɗago daga gado, haƙoransa sun cije. Ƙafar ta tashi, gaskiya ne, amma ba tsokar da ta tambaya ba ce ta amsa. Sai ka ce ka kira mutum ɗaya, 'yan gidansu duka suka taso suka amsa a madadinsa. Ta sha ganin masu ƙaryar rauni, ta san kamanninsu. Wannan wani abu ne daban, kuma rashin sanin sunansa shi ya hana ta sukuni.

Ta ce, "Ba ni zuwa gobe da safe."

Dogo ya ce, "Me zai canja kafin gobe?"

"Ni ma abin da nake so in sani ke nan. Me ya canja tsakanin safe da azahar? Gado ɗaya, ƙafa ɗaya, hannuna ɗaya."

Ta fita baranda. Soja na can filin atisaye da takalman hawa keke, ya bar na yawonsa a ƙarƙashin benci. Da safe ta duba su, ta ga na hagu ya cinye ta gefen yatsu, alamar mai jan ƙafa. Yanzu sai ta zura hannu cikin na hagun sosai, ta ɗaga shimfiɗar cikinsa. Kwali ta tarar, an yanka shi daidai dunduniya, an jera har hawa huɗu, ya baje ya yi baƙi don daɗewa. An yi masa ciko ne don kada gajartar ƙafar ta nuna. Ta tsaya tana jujjuya takalmin. Mai son a ce ya fi rauni ba ya ɓoye gajartar ƙafarsa, tallarta yake yi.

Daga nan ta shiga ɗakin kekuna wajen bakaniken ƙungiyarsu Soja, wani mai yawan dariya da ba a raba shi da tsumma a kafaɗa. Ta ce ya nuna mata keken tseren Soja. Dariyar ta ɗauke. Ya sauko da keken yana ta surutun da ba a tambaye shi ba. Gwaggo ta tsuguna. Fedar hagu kamar jiya aka sayo ta, ta dama kuwa ta sha jiki.

"Sau nawa ka canja ta dama?"

"Uku. Ko huɗu."

"Ta hagu fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ita ce dai ta asali."

Ta miƙe ta kama kan keken, ta matsa birkin hagu. Ya tafi sakwaf, babu abin da ya kama. Ta matsa na dama, tayoyi biyu suka cije lokaci ɗaya. Ta dubi bakanike, shi kuma ya dubi silin.

Ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ki ce ni na faɗa. Rantsar da ni ya yi. Hannun hagun ma ba ya matsa birki, in ya gaji sakin kan keken yake yi. Ni na haɗa masa duka biyun a dama. Na hagun nan ado ne kawai, don kada Babansa ya gani ya yi tambaya."

Babansa. Nan take Gwaggo ta tuna kujera ta uku. Gado bai canja ba, ƙafa ba ta canja ba, hannunta bai canja ba. Wanda ke zaune a kujerar ne ya canja. Ta koma ta buɗe tsohon fayil, ta duba gurbin wanda ya raka ɗan tsere shekara huɗu da suka wuce. Sa hannun Hedimasta ne, da kyakkyawan rubutunsa na malaman da.

Washegari ta ce Hedimasta ya shigo, ta ja kujerarsa ta ajiye a gaban keken, inda ɗansa zai riƙa kallonsa ido cikin ido. Dogo ya harɗe hannu a ƙirji, fom ɗin jiya na kan teburi. Ta ce wa Soja, "Yau ba minti uku ba ne. Tuƙa har sai na ce ka tsaya."

Minti ukun farko suka wuce sumul kamar jiya. A na shida gwiwar hagu ta fara karkata waje. A na takwas dunduniya ta faɗi, ƙugu ya fara rawa a kan sirdi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A na goma hannun hagu ya zame daga kan keken, ya mayar, ya sake zamewa.

Hedimasta bai san lokacin da ya ɗaga murya ba. "Kai! Miƙe! Daidaita ƙafar nan!"

Abin mamaki, sai ƙafar ta daidaita. Ta yi zagaye biyar, shida, cif-cif, sannan ta sake watsewa. Dogo ya sauke hannuwansa daga ƙirji.

Gwaggo ta ja kujera kusa da dattijon. Ta ce, "Malam, wa ya koya masa tafiya?"

Ya gyara zama, ana ganin alfahari a fuskarsa. "Ni. Likitoci cewa suka yi da sanda zai ƙare. Na ce ba ɗana ba. Alli na ɗauko daga makaranta, na ja layi a simintin tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo. Kullum da safe sau hamsin, kafin ya karya. In ya kauce wa layi a sake daga farko. Shekara tara muna yi. Uwarsa har kuka take, na ce gara ta yi kuka yanzu da a ce wani ya kira mini shi gurgu a titi. Kuma babu wanda ya taɓa kiransa."

Ta ce, "Aikinka ya yi kyau, Malam. Ya yi kyau har ya wuce inda ka aike shi. Ya ruɗi masu awo shekara huɗu da suka wuce, suka sa shi cikin waɗanda ba sa'anninsa ba. Jiya kuma saura ƙiris ya sa a rubuta ɗanka maƙaryaci. Ga takardar can, hannuna kawai take jira. Da safe da ba ka nan ya nuna mana ƙafarsa ta gaskiya. Kana shigowa jikinsa ya hau layi. Shi kansa bai san yana yi ba."

Ta miƙa masa takalmin hagu, ta ɗaga shimfiɗar. Hedimasta ya zaro kwalin nan hawa huɗu, ya riƙe a tafin hannu. Shekara da shekaru takalmin nan na kwana a ƙofar ɗaki ɗaya da nasa, bai taɓa leƙa cikinsa ba. Sarƙar keke kuwa sai ƙara take yi, don babu wanda ya ce wa Soja ya tsaya, shi kuwa ba a saba masa da tsayawa da kansa ba. Hawaye da gumi sun haɗu a fuskarsa, yana ta fama ya mayar da gwiwar nan kan hanya.

Dattijon ya tashi ya matsa kusa da keken. Muryarsa ta sauka ƙasa sosai. Ya ce, "Bar ta. Bar ta ta yi yadda take so. Babu layi a nan, ɗana."

Soja ya ce, "Baba..."

"Na ce ka saki jikinka."

Sai ya saki. Kafaɗar nan da ba a taɓa ganin ta a sauke ba ta sauka. Ƙafar hagu ta koma bin feda kawai, ta dama na yin aikin su biyu. Gwaggo ta ce ranar ta fara ganin mutumin da aka turo mata ta auna. Ta kuma ce tausayin uban ya fi kama ta a kan na ɗan, don shi ɗan sauke kaya ya yi, uban kuwa a lokacin ya ɗauka.

Dogo, da yake mutum ne mai son ƙa'ida, ya yi gyaran murya. Ya ce ya ga hannun da idonsa, amma takardun asibitin da ke fayil ƙafa kawai suka ambata, su kuwa ba sa rubuta abin da likita bai shaida ba. Sai Hedimasta ya koma kujerarsa. Ya buɗe jakar fatar nan, ya laluba can cikin wani aljihu, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, an naɗe ta gida huɗu. Shafi na biyu ne na rahoton asibitin farko. A nan aka rubuta hannun. Shekara ashirin da biyar yana yawo da ita, bai yar ba, bai kuma nuna wa kowa ba. Ya ajiye ta a teburi ya shafe ta da tafin hannu don ta miƙe.

Dogo ya ɗauki fom ɗin jiya ya yaga gida biyu da kansa. Suka sake awo daga farko, ƙafa da hannu, Gwaggo na danne ƙugu da hannu ɗaya don kada maƙwabta su sake amsa kiran da ba nasu ba. Rukuni na uku ya fito. Ba su rufe magana ba sai da suka kalle shi a tsere washegari, kamar yadda aikin ya tanada.

Masu jiran a ce ya ci zinare su yi haƙuri. Na bakwai ya zo cikin goma sha biyu. Amma da ya sauka daga keke, bakanike ya ce bai taɓa ganin na bakwai mai irin wannan murna ba. Ya zo wajen Gwaggo yana haki, ya ce, "Gwaggo, ashe haka tsere yake? Ina jin numfashin mutum a nan, wani a nan. Wani har zagina ya yi don na tare masa hanya! Shekara huɗu ban taɓa samun wanda ya zage ni ba, duk sun yi gaba."

Gwaggo, ke ce kika ƙi sa hannu a kan abin da ba ki gane ba. Biro na hannunki, doka na bayanki, abokin aikinki ya riga ya sa nasa, da kin sa babu mai ganin laifinki. Sai kika tsaya kina tambayar takalmi da feda. Ba kya kan kowane hoto na masu karɓar lambar yabo, Gwaggo, amma duk wanda ya tsaya a kan dandamalin nan da gaskiyarsa, ta ɗakinki ya bi. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba hannuwan nan hutu, Ya sa ki riƙa shan ruwan zafin maimakon riƙe shi.

Sauran mu kuma da ke auna mutane, ko malamin da ke ba da maki, ko likita, ko mai ɗaukar ma'aikata, ko uba a tsakar gidansa, ga abin koyi. Idan lissafi ya ƙi haɗuwa, kada saurin rufe fayil ya sa mu ce ƙarya ce. A ba shi zuwa gobe da safe, a tambayi me ya canja. Wani ba ƙara rauninsa yake yi ba, ɓoye shi yake yi bakin ransa, kuma sau da yawa don mu yake ɓoyewa.

A zauren wasannin aka yi mata walimar ban kwana makon jiya. Walƙiya ta zo, ita ta ja mata kujera. Dogo ya yi jawabi, ya sake tayar da maganar murfin fulas, Gwaggo ta sake musantawa. Can aka ce akwai mai saƙo daga baya. Soja ne ya taso. Daga ƙofa zuwa teburin Gwaggo tafiya ce mai ɗan tsawo, mutane sun fi ɗari. Ya taho yana ɗingishi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ƙafar hagu na ɗan sharar ƙasa, bai damu ba. Ya ajiye mata wani ƙunshi. Ta kwance, sai ga tsohon takalmin nan na hagu. Kafin ta ankara hannunta ya juya shi tana duba ƙasansa, zaure ya kwashe da dariya.

Ita ba ta yi dariyar ba, don idonta na kan wanda ya rako shi. Hedimasta ne, da birukansa biyu a aljihu. Duk tsawon zauren nan a gefen ɗansa ya taho, ba a gaba ba. In Soja ya ja ƙafa, sai tsohon ya rage taku ya jira shi.